Ƙafar da Ta Taka Kuloci

Ana dab da kiran magariba, maigidan yana nan ya cusa kai cikin injin mota. Motar haya ce, ita ce cinsu ita ce shansu, ga shi wayar kulocinta ta tsinke, motar ta daɗe jibge a tsakar gida. Shi kuwa mutum ne da bai yarda wani ya fi shi sani ba, don haka ya sayo sabuwar waya ya ɗaura da hannunsa. Matarsa tana bakin ƙofa tana kallon duhu yana sauka, ta ce, "Baban Auta, a bari sai gobe mana. Almuru ta yi."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya kira Auta, ƙaramar 'yarsu, ya zaunar da ita a kujerar direba. "In na ce taka ki taka, in na ce saki ki saki."

Duk mai gyaran kuloci yana barin ɗan sako-sako a feda, kamar faɗin yatsa biyu, kafin ta fara kamawa. To shi bai taɓa sassauta wa komai ba, daga mota har iyali. Ya yi ta ɗaure noti da sifana har waya ta yi tamau. Auta ta ce, "Baba, ta ƙi sauka. Kamar akwai wani abu a ƙasa." Ya daka mata tsawa, ya ce ta taka ko ya zo ya taka ta. Yarinya ta runtse ido ta danna ƙafar hagu har ƙasa. Uwar ta ji wani siririn kuka, irin na ɗan kyanwa da ƙofa ta datse, daga nan komai ya yi tsit.

Washegari da almuru aka fara jifa. Duwatsu suna sauka a kan rufin kwano ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, aka leƙa waje ba kowa. Bayan jifa sai murya, muryar maigidan sak, tana fitowa daga motar da ke kulle: "Taka. Saki. Taka." Fedar tana sauka tana tashi ita kaɗai. Maigidan ya ce 'ya'yan maƙwabta ne, amma uwar ta lura ya daina zama a tsakar gida in rana ta faɗi.

Auta ta daina magana, ta daina cin abinci. Zama take ta ƙura wa bango ido, ƙafarta ta hagu tana dannawa tana saki har diddige ya fashe. Uwar takan rungume ƙafar tana kuka, ta ji ta yi sanyi ƙalau. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta aika aka ɗauko malami mai ruƙiyya ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Malam ya zauna a gefen tabarma ya fara karatu a hankali. Bai yi nisa ba yarinyar ta miƙe zaune, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Tun da motar ta kwanta muke cikinta. Ɗana yana barci a ƙarƙashin feda. Da an bar ɗan sararin da kowa yake bari, da ya samu ya zame. An murƙushe masa ƙafa."

"Yarinya ce, ba ta sani ba," in ji malam. "Ki ji tsoron Allah ki fita."

Ya ɗaga murya da karatu. Tsohuwar ta yi ta ihu, jikin Auta yana buguwa da ƙasa har jini ya ɓalle mata ta hanci.

"Ƙona ni, malam, tare da ita za mu tafi. Ko kuwa a ba ni ƙafa in fita lafiya. Ta wadda ta taka, ko ta wanda ya ce a taka."

Uwar ta zube gabanta. "Ki ɗauki tawa."

"Ke ai kin ce a bari sai gobe. Shi nake jira."

Uwar ta juya ta dubi mijinta, ta ga ya sunkuya yana kallon ƙafarsa ta hagu, ya janye ta a hankali ya ɓoye a bayan ta dama.

"To da me zan taka kuloci?" ya ce. "Me za ku ci?"

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya. Malam bai kai ga buɗe baki ba, ƙaramin yatsan ƙafar Auta ya yi rawa, yarinyar ta sulale ta kwanta. Da ta farka ta kira uwarta da muryarta ta gaskiya, ta nemi ruwa. Aljanar ta cika alkawari, ba a sake jifa ba. Ƙafar Auta ta hagu kuwa ba ta ƙara motsi ba, ta shanye ta koma kamar sanda.

Da gari ya waye maigidan ya ɗauki sifana ya sassauta notin, ya auna yatsa biyu daidai. Giya ta riƙa shiga sumul, har yana faɗa wa maƙwabta cewa shi ya gyara da kansa. Uwar ta tsane shi tsana mai tsanani, tana kuma dafa abin da motar ta kawo ta ci, don ba ta da wani.

Kullum da safe Auta ce ke buɗe masa ƙofar gida. Uwar takan ji ta tana jan ƙafa a kan siminti, shi kuma yana zaune a mota yana danna mata hon, wai ta cika nawa.