Tagar da Malam Dogo Ya Ɗaga

"Malam! Ina famfon?"

Auta ce tsaye a ƙofar kicin da tukunya a hannu, tana kallon wani rami a bango, daidai inda ta wanke kwanuka jiya da yamma. Mijinta yana tsugune cikin ƙura da guduma, ya jingina waya a jikin gwangwanin madara, wani mutum a cikin bidiyo yana ta fasa bango yana murmushi kamar ba bangon kowa ba ne.

"Famfo ya tafi hutu," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ki ba ni ɗan lokaci, zan yi miki kicin ɗin da ko yayarki sai ta yi sallama kafin ta shiga."

"To yau a ina zan yi girki?"

"A baranda mana. Ai na ɗan lokaci ne."

Malam Dogo ke nan, malamin lissafi a makarantar sakandare, mutumin da in ya miƙe tsaye sai fankar silin ta shiga taitayinta. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun yana yaro, tsawo ya cinye shi. Matarsa kuwa, autar gidansu, Allah ya yi ta 'yar firit; in suna tafe tare, daga nesa sai ka rantse uba ne zai kai 'yarsa makaranta. Suna son juna, wannan ko maƙiyi bai musa ba.

Abin da ya jawo guduma, ziyara ce suka kai gidan Yaya, babbar yayar Auta, wadda mijinta ya sa ma'aikata suka ƙera mata kicin mai ɗaukar ido. Yaya ta zagaya da su, ta buɗe kowace kabad ta rufe, sannan ta ce, "Auta, ke har yanzu a wannan akurkin kike girki?" Auta ta yi dariya ta manta. Dogo bai yi dariya ba, bai kuma manta ba.

Ɗan lokaci ya miƙe ƙafa. Wannan Asabar ya cire kabad, waccan ya ɓamɓare tayil, ta gaba ya gano bututun da ya yanke ba shi ne ya yi laifi ba. Tulin yashin da ya zuba a ƙofar gida ya daɗe har ciyawa ta fito masa, masu kwatance suka koma cewa, "In ka ga yashin Dogo, sai ka sha kwana." Maƙwabta sun rantse gizo-gizon da ya tare a kusurwar kicin a farkon aikin, a nan ya ga jikokinsa. Yaya ta yi tayin turo ma'aikatanta, Dogo ya ce ya gode, wanda ya auri Auta shi zai gina mata.

Ita kuwa Auta tana baranda, tsugune gaban ƙaramin gas, iska na wasa da wuta. Ba ta ƙorafi. Takan dai leƙo ta ce, "Malam, da ka bar tagar nan a inda..."

Sai ya ɗaga hannu kamar yana aji. "Ki bar wa masu lissafi lissafinsu. Mamaki nake so in ba ki, kar ki leƙo!" Har labule ya rataya a ƙofar.

Wata rana da hantsi aka soma yayyafi. Auta ta sunkuci tukunyar miya za ta gudu ciki, ƙafarta ta harɗe da wayar injin huda bango da ya bari a hanya, miya ta kife mata a ƙafa. A lokacin Dogo yana gaban allo yana koyar da yadda ake auna kusurwa. Kafin ya isa asibiti, Yaya ta riga shi.

"A'a, Injiniya! Sannu da ƙoƙari!" in ji ta, ta riƙe ƙugu. "Ka gama rushe gida, ka dawo kan ƙanwata?"

"Yaya, ba laifinsa ba ne," in ji Auta daga kan gado, tana share hawaye. "Ni ce ban duba ba..."

"Rufe min baki! Mun ba shi mace da ƙafa biyu lafiyayyu, dubi yadda ya mayar da ita!"

Umma, mahaifiyarsu, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Auta za ta wuce gida ta yi jinya. Yaya ce ta ɗora da nata: "Kuma ba ta dawowa sai ranar da kicin ya zama kicin. In bai zama ba, sai a san abin yi." Dogo ya dubi ƙafar da aka naɗe da bandeji, ya juya gida shi kaɗai.

Bai taɓa sanin gidan yana da girma haka ba. In ya dawo daga makaranta, sai ya tsaya a ƙofa yana laluben makulli, abin da bai saba ba, don da can kafin ya kai hannu aljihu ƙofa ta buɗe. Ya yi sallama, labule ya amsa masa da motsi. Takalmanta suna nan a bakin ɗaki, ƙanana kamar na wasa, ya kasa ɗauke su, sai dai ya riƙa zagaye su. Abinci ya koma shayi da biredi, in an yi bushasha a soya ƙwai. Kofinta yakan ɗauko tare da nasa, sai ya zuba ruwan zafi ya tuna.

In ya kira wayarta, Yaya ke ɗauka. "Tana barci. An gama?"

"Saura kaɗan, Yaya."

"To ita ma saura kaɗan." Ƙit.

Sai ya kama aiki kamar mai ramuwa. Ya kwaɓa siminti, ya yi fulasta ta zube, ya sake. Ya jera tayil ya ga sun karkace, ya cire ya sake jerawa. Guduma ta san kowane ɗan yatsansa. Da shiru ya yi masa yawa, ya fara hira da kayan aiki: yakan yi wa zarto faɗa, ya ba ƙusa haƙuri. Komai sai ya auna shi da tef, ya sake aunawa, don shi mutum ne da bai yarda da kusan-kusan ba. Zai miƙa hannu ya ji inda ya yi masa daidai, ya ja layi da alli, ya kafa. Tsohuwar tagar nan mai kallon ƙofar gida ya toshe ta da bulo, ya huda sabuwa can sama, don mutumin cikin bidiyo ya ce haske daga sama ya fi kyau.

A hankali a hankali, kicin ya zama kicin. Fari fat, kabad a jere, famfo na sheƙi. Dogo ya yi aski, ya sa sabuwar riga, ya aika a zo a gani.

Yaya ce ta shigo gaba, Auta na biye tana ɗan ɗingishi. Ta rame. Suka haɗa ido, ta sunkuyar da kai tana murmushi, zuciyar Dogo ta yi wani tsalle har ya kusa buga kai da silin. Ya yaye labule.

Suka shiga. Yaya ta ɗaga kai sama, ta sauke kan ƙanwarta, ta sake ɗagawa.

"Auta, ɗauko min kofi a kabad ɗin can."

Auta ta matsa ta miƙa hannu. Ta yi ɗage. Ta ɗan yi tsalle da lafiyayyar ƙafar. Ko mariƙin ba ta taɓa ba. Teburin yanke-yanke ya zo mata a ƙirji, wurin wanke-wanke kuwa sai dai ta leƙa shi kamar rijiya.

Yaya ta fashe da dariya har da dafa bango. "Wayyo cikina! Injiniya, wannan kicin ne ko filin ƙwallon kwando? Ai kanka ka gina wa! Sai ka ɗaura zane ka shiga!"

Auta ba ta yi dariya ba. Bangon da aka toshe take kallo.

"Malam, ina tagata?"

"Na ɗaga ta. Kin ga haske ya fi..."

Hawaye suka zubo mata. Ta goge da gefen mayafi, ta juya. "Yaya, mu tafi."

Wannan karon babu wanda ya ja hannunta. Shi ne abin da ya fi yi wa Dogo ciwo.

Ya daɗe tsaye cikin farin kicin ɗinsa, da sabuwar rigarsa. Can ya hango wata ƙusa a ƙasa, ya durƙusa zai ɗauka. Da ya ɗago kai yana bisa gwiwoyinsa, sai ya ga wani kicin daban. Kabad sun koma benaye. Famfo ya yi nisa. Taga kuwa babu komai a cikinta sai sararin sama, ko tsuntsu babu. Ashe a nan idon Auta yake tsayawa.

Da rarrafen gwiwa ya zagaya kicin ɗin, yana miƙa hannu yana kasa kaiwa. Matar maƙwabcinsa da ta leƙo aron tsani ta koma da gudu tana salati, ta ba da labarin kaɗaici ya taɓa Malam Dogo.

Ya tsaya gaban bangon da ya toshe. Ta cikin fenti ana iya ganin shatin tsohuwar tagar, daidai fuskarsa yanzu. Bayan bulon nan ƙofar gida ce, da titi, da kwanar da yake ɓullowa kullum da jakar littattafai. Shekara da shekaru yana ɗauka ƙofar nan da ke buɗewa kafin ya taɓa ta, iya kiyaye lokacinsa ne ya jawo. Ashe mace ce tsaye tana wanke-wanke, ita kaɗai a gida tun safe, idonta a kan kwana. Shi bai yi nisa cikin kaɗaici ba ya fara hira da zarto. Ita da tagar nan take hira, shi kuma ya zo da bulo ya toshe mata baki.

Malam Dogo ya kifa goshi a sabon fenti ya yi kuka, kukan da tsawonsa ya kai shi.

Washegari da la'asar ya sa tef a aljihu ya nufi gidan Umma. Yaya ya tarar a ƙofa.

"Me kuma aka zo aunawa?"

"Matata."

"Lallai ma! To ba ta..."

"Bar shi ya shigo," in ji Umma daga ciki.

Ya shiga ya durƙusa ya gaishe ta. Auta na gefe a kan tabarma, ta kau da kai. Ya zaro tef. "Umma, na auna komai a ɗakin girkin nan ban auna mai ɗakin ba. In an ba ni izini, tsayinta kawai zan ɗauka, da inda hannunta ke kaiwa."

Umma ta dube shi, ta dubi tef ɗin. "Ɗana, mayar da abin nan aljihu. Yarinyar nan ba katako ba ce. Tana da baki."

Dogo ya mayar da tef aljihu. Sannan ya juya, yana nan a durƙushe, fuskarsa daidai da tata.

"Auta... yaya kike son kicin ɗinki?"

Ta juyo ta dube shi. "Yau ka tambaya?"

"Yau na tambaya. Ki yafe min."

"Tagata nake so."

"An mayar."

"Da ƙusa kusa da murhu, ta rataye ludayi. Da wurin da zan ajiye kujera, in kana gida ka zauna muna hira, ba ka tsaya a falo kana tambaya ko an gama ba. Da..."

Magana ta ɓalle kamar an buɗe famfo. Shayin da aka kawo masa ya huce, aka ɗumama, ya sake hucewa, Auta ba ta kai ƙarshe ba. Dogo bai katse ta ko sau ɗaya ba, abin da ɗalibansa da aka ba su labari suka ce ƙarya ne.

"To, ya je ya yi," in ji Yaya. "In ya gama mu zo mu gani."

"A'a, Yaya." Auta ta jawo mayafinta. "In na bar shi shi kaɗai, wani abin zai sake ɗagawa. Da ni za a yi."

"Umma, kina jin ta? Baranda fa za ta koma!"

"Ina ji," in ji Umma. "Wancan karon aika ta barandar aka yi. Wannan karon ita ta zaɓa. Ke kuma ki rage zagaya mutane cikin kicin ɗinki."

Haka aka koma gidan jiya, sai dai yanzu alli yana hannun Auta. Ita ke jan layi, shi ke bin layi da guduma. Aka fasa bulo, titi ya dawo cikin taga. Aka sauke kabad ɗaya bayan ɗaya, Asabar bayan Asabar. Da aka zo kan ta ƙarshe, ta can kusurwa, Dogo ya ɗauko sukundireba, ta riƙe masa hannu.

"Wannan a bar ta a sama."

"Ai ba za ki kai ba."

"Na sani. A nan zan ajiye gishiri."

Tun daga ranar, ba a ɗora tukunya a gidan nan ba tare da an ji murya daga kicin ba: "Malam! Zo ka miƙo min gishiri!" Shi kuma ya taso yana ƙunƙuni, yana murmushi, ya miƙo, ya zauna a kujerar da aka tanadar masa, ya manta da falo.

Samari da 'yan mata, ku riƙe wannan: haƙuri irin na Auta ba ya faɗuwa ƙasa, amma wanda ake yi wa haƙurin shi ma da nasa aikin. In za ka yi wa masoyinka alheri, kada ka auna shi da tsawon hannunka. Durƙusa ka ga abin da yake gani, ka tambaye shi. Yashin dai yana nan a ƙofar gida, don Malam Dogo ya fara kallon banɗaki da wani irin ido. Amma an ce Auta ta ɓoye gudumar a ƙasan kabad, can ƙasa sosai, inda bai taɓa tunanin dubawa ba.