Cikon da Ngadimin Ya Kawo

Ana gab da kiran magariba, Pak Sudarmaji, wato Malam Sudarmaji, na zaune a baranda da kofin shayi da farantin soyayyen rogo, yana kallon sabon daɓen da ya miƙe daga ƙofar gidansa har inda yake ajiye mota. Bulo ne ja da ruwan toka, an jera su kamar saƙar tabarma. Tun da aka gama aikin a nan yake yini, don duk wanda ya wuce a babur ya gan shi tare da daɓensa. Mu maƙwabta mun yaba har bakinmu ya gaji, ko guntun rogo kuwa bai taɓa miƙo mana ba. Allah dai na gani.

Kwaɗin gonar shinkafa suka yi tsit. Sai wani abu ya faɗo kan rufi, ya gangaro, ya dire gaban ƙafarsa. Guntun tsohon tubali ne, baƙi, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba.

"'Ya'yan wane ne marasa kunya?" in ji shi, ya leƙa titi. Babu kowa.

Daga ranar, rana ba ta faɗuwa sai an yi jifa. Gidan ya ɗauki warin ruwan da ya daɗe a rufe. In ya shigo da mota, sai a ji nishi daga ƙarƙashin ƙasa, irin na tsohon da aka taka wa ƙafa. Matarsa, Bu Tumini, ta ce, "Pak, ka kira wanda ya yi aikin nan."

Wanda ya yi aikin kuwa Ngadimin ne, maginin ƙauyenmu. Tare suka tashi, rana ɗaya aka yi musu kaciya, kuma Sudarmaji bai taɓa kiransa da komai ba sai Kang, wato yaya. Da 'yan kwangilar birni suka zo neman aikin, korarsu Sudarmaji ya yi, ya ce ɗan gari shi ya san ƙasar gari. Ngadimin kuwa ya nuna halin 'yan'uwantaka: cikon da aka zuba kafin yashi, daga gidansa ya yi ta turo shi a baro, kyauta, ya ce tarkacen tsohon gini ya fi tsakuwa riƙe ƙasa. Ya kuma yi alkawarin ko bulo ɗaya ya motsa, a aika masa.

Aka aika. Ya zo, ya tsaya a bakin titi, ya ƙi tako daɓen.

"Ƙasa ce ke zama, Maji. Haka sabon aiki yake."

"Ƙasa na jifa ne, Kang? Shigo mana ka sha shayi."

"Na bar siminti a kwaɓe," in ji shi, ya juya.

Ran nan da almuru Lastri, 'yarsu budurwa, ta fita kwashe shanya. Shiru ba ta dawo ba. Uwar ta same ta kwance a tsakiyar daɓen, ta dafe kai da hannu biyu, idanu a kafe. Da ta buɗe baki, muryar wani tsoho ce ta fito, a shaƙe, kamar daga cikin rami.

"Wayyo kaina. Ku ɗauke min ƙarfen nan daga kaina."

Maza huɗu suka kasa ɗaga ta. Sudarmaji ya fita da gudu ba takalmi, ya ɗauko Kiai Masduki, malamin da ke karantarwa a ƙauyen ƙetaren kogi. Dattijon ya yi salla, ya zauna a kan bulon kusa da kanta, ya fara karatu a hankali. Yarinyar ta yi ta murƙususu, sannan ta tsaya cak.

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka gidan mutane?" in ji Kiai.

"Kawo kaina na yi? A baro aka turo ni kamar takin shanu!"

"Wa ya turo ka?"

"Ngadimin. A tsohuwar rijiyar bayan gidansa nake tun zamanin kakansa. Ya so gina ɗaki a wurin, na hana shi barci. Sai ya yi abin da aka saba: ya dafa shinkafa mai kurkum, ya ƙona turare, ya nemi izini. Ya ce, Mbah, kakanmu, shiga tubalin nan, zan mai da kai gidan ƙanena, akwai inuwa, babu hayaniya. Na yarda da ɗan Adam. Ga ni an danne ni da yashi, safe da yamma mota na bi ta kaina."

Sudarmaji ya durƙusa. Ya ce, "Ya san kana ciki?"

"Da sunana ya kira ni."

Can a rufi wata tsaka ta yi kuka, ta yi shiru.

"An cuce ka," in ji Kiai, "amma yarinyar nan ba ita ta cuce ka ba. Fita."

"A yanka min baƙin bunsuru."

"Ko ɗigon jini ba za ka gani ba."

"To a bar min ita, jikinta da sanyi."

Kiai ya ɗaga murya da karatu. Aljanin ya yi ƙara har karnukan nesa suka amsa.

"Tsaya, Kiai, tsaya! A tone tubalina duka, kada a bar ko guntu. A kai min gindin gora a bakin kogi. Kuma hannun da ya kawo ni shi zai ɗauke ni."

Kiai ya dubi maigida. Sudarmaji ya dubi daɓensa, ya dubi 'yarsa.

"A fasa shi," in ji shi.

Lastri ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Da safe Sudarmaji da kansa ya ɗauki diga. Kiai ya aika aka zo da Ngadimin, ya shigo da baronsa, kansa a ƙasa.

"Maji, wallahi ban zaci zai taɓa yarinyar ba. Na ga kai mai yawan salla ne, na ce ba zai iya da kai ba."

Sudarmaji ya ci gaba da sara da digarsa. Ngadimin ya yi ta jigila zuwa kogi har rana ta karkata, gumi na tsiyaya, mu kuwa muna kan katanga muna ba da shawara, ba mai godiya. Da ya kwashe guntu na ƙarshe, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"To, Maji, gobe in zo in mayar maka da bulon? Zai fi na farko kyau."

Sudarmaji ya jingine digar, ya gyara tsayuwa, ya ɗan rusuna. Ya amsa masa da harshen girmamawa, irin wanda ake yi wa baƙon da ba a san daga inda ya fito ba, ya kira shi Pak maimakon Kang.

"Mun gode ƙwarai, Pak Ngadimin. Laka ma ta ishe mu takawa."

Ya ja ƙofar ya sa sakata.