Hannun da Ke Riƙe Mota a Kwanar Gude

Ruwan hantsi bai gama ɗaukewa ba aka kira Sufeto Mahbub a ofishin 'yan sanda na Kabo. Motar jif ta Hajiya Badi'a ta ƙwace a kwanar maƙabartar Gude, 'yarta Kamila ta rasu nan take. Direba Jibirin kuwa ko ƙwarzane bai yi ba.

Kafin azahar dangin Hajiya sun yi wa Lukuman makanike rubdugu a Gwarzo, wai shi ya lalata birki. Da ƙyar aka ƙwace shi aka kulle, jama'a na jira a ƙofa.

Da Sufeto ya isa kwanar Gude, ya shiga motar shi kaɗai. Takalmin yarinyar ɗaya na nan a ƙasa. Ya taka birki, lafiya lau. Kusa da sitiyari ya ga wani maɓalli mai zanen mota da layuka biyu a karkace. Ya san shi: na'urar hana zamewa ce, mai rage wuta ta kama birkin taya ɗaya da kanta in mota za ta sulɓe. Duk sanda aka tada inji takan kunna kanta, ba ta daina aiki sai an danna maɓallin. Sauran maɓallan sun yi datti, wannan ya koɗe yana sheƙi.

Ya sa aka kawo Jibirin.

"Ka san wannan?"

"Ban taɓa taɓa shi ba, Yallaɓai."

"Wa ke tuƙa motar bayan kai?"

"Babu kowa."

"To yatsan wa ya cinye zanen?"

Jibirin ya waiwayi maƙabartar. "Tun farkon damina, da na shigo kwanar nan da gudu sai in ji an riƙe motar, wata fitila a gaban sitiyari na ƙifta min. Wallahi hannu nake ji, ba na mutum ba. Na rataya laya, bai bari ba. Ran da na danna wannan ya sake ni. Shi ke nan, kullum na tada mota sai na danna."

"Har yau?"

"Har yau."

Sufeto ya bayyana masa aikin na'urar a hankali, tausayi da takaici sun cika shi. Ya ce a saki Lukuman.

Ana sa wa Jibirin ankwa, bai ɗauke ido daga takalmin ba.

"Yallaɓai, ashe duk kwanakin nan riƙe mu ake yi kada mu faɗi?"