Gidan Dala Ɗaya

Ranar da aka kai Mama Eunice gidan kula da tsofaffi, ranar Verna ta dawo ta tarar da kayanta a baranda cikin baƙaƙen ledojin shara. Wayyo duniya! Shekara tara baiwar Allahn nan tana jinyar tsohuwar da ta ɗauke ta tun tana marainiya 'yar shekara huɗu. Ta bar aikinta na gyaran gashi, ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce dama faten masara kowace safiya, har tsohuwa ta faɗi ta karye a ƙugu, likita ya ce jinyar ta fi ƙarfin gida. Ga kuma Curtis, ɗan Mama na cikinta, wanda ba a ganin ƙeyarsa sai ranar bikin cin talotalo na shekara-shekara, ya tokare ƙofa yana kaɗa sababbin makullai.

"Yaya Curtis... me na yi maka?" ta tambaya, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ba ki yi komai ba, tsintacciya. Mama ta sayar mini da gidan dala ɗaya, ga takarda. So kike in ta mutu gwamnati ta cinye shi a kuɗin jinya? Ni na san kan doka, a shagon aski aka yi mini bayani."

Shagon aski! Can ne jami'ar Curtis. Verna ta kwashi ledojinta ta raɓe a falon wata ƙawarta ta coci, kullum kuma sai ta je wajen Mama da murmushi, ta taje mata kai, ba ta taɓa faɗa mata komai ba. Ana haka sai ga wasiƙa: gwamnati ta ƙi biyan kuɗin jinya! Ashe sai an duba yadda mutum ya yi da dukiyarsa shekara biyar baya, kuma gidan da aka sayar dala ɗaya kyauta ce a idon hukuma, wanda ya kyautar da dukiyarsa kuwa ba a ba shi tallafi. Masu gidan tsofaffi suka ce ko a biya, ko a zo a ɗauki tsohuwa. Curtis ya kashe wayarsa. Verna ta durƙusa a bakin gadon Mama tana kuka: "Ya Ubangiji, ni na haƙura da gida... amma ita ina zan kai ta?" Nan tsohuwa ta ji komai, ta rantse cewa ɗanta ya ce mata takardar da ta sa wa hannu ta asibiti ce.

Wata lauya mai taimakon marasa ƙarfi, Mis Whitfield, ita ta tara su a ɗakin Mama. Ta dubi Curtis ta saman tabarau ta ce, "Malam, zaɓi uku gare ka. Ko ka mayar da gida, ko ka riƙa biyan jinya duk wata, ko alƙali ya ji yadda aka sa tsohuwa sa hannu tana cikin magagin magani. In ka mayar, mutum ɗaya doka ta yarda a ba shi gidan nan ba tare da an hana tallafi ba: ɗa ko 'yar da ta zauna a ciki shekara biyu tana jinya."

"Ai ba 'yarta ba ce!" Curtis ya zabura. "Kuma na riga na kashe kuɗina na yi sabon rufi, don in sayar!"

Mama ta buga hannun keken guragunta. "Rufe mana baki, sakarai! Ni da ubanka muka je kotu aka rubuta ta 'yarmu, kana wajen kana lasar majina. Verna, zo nan, 'yata... ki yafe mini."

Kuka ya ƙwace wa Verna, amma wannan karon na daɗi ne. Curtis ya sa hannu a takardar mayar da gida yana gumi, ya fita ko sallama babu. Likita ya rubuta shaidar jinyar shekara tara, gida ya koma sunan Verna, gwamnati ta karɓi jinya. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa!

Ranar Lahadi Verna ta zo da gasasshen dankali, Mama ta ce, "Ya gida? An yi ruwa jiya."

"Ko ɗigo bai zubo ba, Mama. Rufin Yaya mai kyau ne."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Shekara hamsin da haihuwar yaron nan, sai yau ya yi wa gidan amfani!"