Sulen Da Na Karɓa Da Muryar Iya

Aikena aka yi in kai wa Kaka maganin ido, rana ta kusa faɗuwa. Da ma iyakar abin da na yi ke nan na dawo gida.

A gidanmu Aku ake ce min. Duk muryar da na ji sau biyu ta zama tawa: mai gyaran famfo, shugabar makarantarmu, har tarin maƙwabcinmu. Amma wadda na fi ƙwarewa a kai ita ce ta Iya, matar Kaka, wadda ta rasu bara. Tun rasuwarta ban sake yin ta ba.

Shekara arba'in Kaka yana tara tsofaffin sulallan azurfa. Yana da akwatin katako mai gurbi ashirin, kowane gurbi da shekararsa. Goma sha tara sun samu da daɗewa. Na ƙarshen ne ya gagara, don kaɗan aka buga a shekarar, maƙera kuma suka narkar da yawancinsu suka yi awarwaro. Iya ce ta samo masa shi, ta ba da 'yan kunnenta a madadinsa.

Wani dillalin tsofaffin kayayyaki ya taɓa tare ni ya ce, "Yarinya, irin wannan sulen waɗanda suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ki kawo min shi, ki zaɓi wayar da ranki ke so."

Kwana uku maganar tana min kai-kawo a zuciya.

Shi ya sa ran nan ban shiga ta ƙofa ba. Na zaga bayan ɗakin, na durƙusa ƙarƙashin taga. Ina jin sa yana goge sulallan da tsumma, da lalube, don idon ya tafi. Na sassauta maƙogwaro, na jawo 'yar rawar nan ta muryar Iya.

"Malam, miƙo min sulen nan."

Tsumman ya tsaya. Can sai hannunsa ya fito ta tsakanin ƙarafan taga.

"Ga shi," ya ce a hankali. "Ƙara cewa wani abu mana."

Na fizge, na ruga.

Shagon dillalin yana ƙarshen wani lungu mai tsofaffin ɗakunan ajiya, duk a garƙame. Fitila ɗaya ce a lungun, tana kawowa tana ɗaukewa. Ina kaiwa tsakiya na ji sule ya faɗi a bayana. Ya gangara, ya yi ta juyi kafin ya kwanta.

Na buɗe tafin hannuna. Yana nan.

Na ƙara sauri. Ya sake faɗuwa, dab da diddigena.

Sai warin man zafi ya daki hancina, irin wanda Iya ke shafawa a gwiwa. Sulen ya yi sanyi ƙalau.

"Aku."

Muryar Iya ce, a bakin kunnena. Babu hucin numfashi a cikinta.

"Kin ari muryata ba ki tambaya ba. To, riƙe ta. Ni ma na ari taki."

Na wage baki zan yi ihu. Muryar tsohuwa ce ta fito, tana rawa.

A bayana wani abu ya ƙyalƙyale da dariya.

Dariyata ce. Har da 'yar shaƙuwar da nake yi a ƙarshe.

Na runtse ido, na juya, na ratsa ta cikin wani irin sanyi da gudu. Takalmina ɗaya ya fita, na bar shi. Dariyar tana bina, tana bina, har bakin ƙofar Kaka. Nan ta tsaya.

Na zube a gabansa, na danƙa masa sulen. Ba yadda na iya, da muryar matarsa na faɗa masa abin da na aikata, tun daga dillalin har wayar.

Ya lalubi gurbin, ya mayar da sulen.

"Ai na san ke ce, ja'ira," ya ce. "Ido ne ya tafi, hanci yana nan. Turarenki ya riga ki isowa taga."

"To, Kaka, me ya sa ka ba ni?"

"Shekara guda ban ji muryar nan ba. Ina jin nauyin in roƙe ki. Da kika zo da ita, sai na ga sule bai yi tsada ba."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Sai da na kwana bakwai muryata ta dawo, ita ma ba duka ba. Dariyar ba ta dawo ba. Yanzu in abu ya ba ni dariya, baki kawai nake buɗewa, ba abin da ke fita. Ban ƙara kwaikwayon kowa ba. Kullum da yamma ni ke goge wa Kaka sulallansa, yana ba ni labarin Iya.

Dillalin kuwa ya tashi daga lungun. An ce ya gaji da jin wata yarinya tana dariya a ƙofar shagonsa duk faɗuwar rana. In ya leƙo ba kowa, sai takalmi ƙafa ɗaya.