Tulun Irin Kaka

Mutanen ƙauyen manoman masara ne, kuma a shekarar ba su da irin shuka. Shekara shida suna shuka irin kamfani, wanda aka sauya wa halitta, bisa sharaɗin ba za su ajiye ko ƙwaya ɗaya don baɗi ba. Bana motar kamfanin ba ta zo ba, ga ruwa ya sauka. Wata tsohuwa ce kaɗai, wadda kowa ke kira Kaka, ta riƙe tsohon iri a tulu. Ran Talata da hantsi, tana wurin gaisuwar mutuwa, tulun ya ɓace.

Sufeton 'yan sanda ya iso a gajiye, takalminsa duk laka. Ƙara ta biyar ke nan a kan iri cikin mako guda.

Ya duba ɗakin. Buhun masarar ci yana nan, ba a taɓa shi ba.

"Ɓarawon ya san abin da ya zo nema," in ji shi. "Kaka, wa ya san da tulun?"

"Duk wanda ya taɓa yi mini dariya, ɗan nan. Wato kowa."

Aka kira maƙwabcinta. Ya ce shi tun safe yana gona.

"Da busassun ƙafafu? Gonarka ce kaɗai ruwa ya tsallake?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Na zo roƙon mudu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Kunya ta mayar da ni daga bakin ƙofa. Amma na ga babur a jingine."

Jikar Kaka, 'yar shekara tara, wadda ke taya ta zaɓen iri kowace shekara, ta matso. "Yallaɓai, duk wanda ya buɗe tulun sai ya yi atishawa. Muna cakuɗa irin da toka da garin barkono saboda ƙwari. Mu hanci muke ɗaurewa."

Babur uku ne a ƙauyen. Na ukun na malamin gona ne, wanda ya kawo musu irin kamfani. Sufeto ya same shi a ofis, idanunsa jajur.

"Malam, mura ce?"

"Ƙura ce kawai. Me zan yi da irin tsofaffi? Ni na hana su shuka shi." Sai atishawa ta ƙwace masa.

"Bayan ruwan kwana biyu, ƙura? Buɗe mini jakar baburinka."

Toka ce a ciki har ƙasa. Malamin ya zauna a hankali.

"Ni ma gonata fayau take," in ji shi. "Yarana biyar. Da wane baki zan roƙe ta, bayan na ce a gaban jama'a irinta na kaji ne?"

"Da bakin da ka faɗa," in ji Sufeto. Bai ɗaga murya ba. "Tashi mu je."

Aka fito da tulun daga ƙarƙashin teburinsa, aka wuce da malamin. A ƙa'ida tulun shaida ne, sai an gama shari'a. Sufeto ya dubi hadarin da ke haɗuwa, ya ɗebi tafi guda a ambulan, ya mayar wa Kaka sauran.

Da yamma maƙwabta suka yi layi a ƙofarta. Yarinyar ce ke auna musu, gwangwani ɗaya ɗaya, hancinta a ɗaure. A nan ta gane cewa irin da ba za ka iya ajiyewa ba, ba naka ba ne.