Hannun da Ya Daina Jin Nawa

"Baban Virtue, mene ne wannan?"

Ranar Asabar ce da hantsi. Ina tsaye a falonmu a unguwar Karewa ta Yola, riƙe da gwangwanin madara da na ciro daga ƙarƙashin doguwar kujera. A ciki akwai fararen ƙwayoyi, maganin zuciyar mijina, wanda nake ajiye masa kullum da safe a gefen kofin shayi.

Othniel ya ɗago ya kalle ni, sai ya mayar da ido kan takardun ɗalibansa.

"Ki ajiye, Liyatu."

"In ajiye? Tun yaushe ka daina sha?"

"Sati uku."

"Sati uku! Mutuwa kake nema? In gajiya ka yi da ni, ka faɗa min! Wata biyar ke nan kana kwana a kujera, in na taɓa ka sai ka janye kamar na ƙona ka. Me na yi maka?"

Ya ci gaba da duba takardunsa. Hakan ya fi min zagi ciwo.

Wannan fa shi ne mutumin da na haɗu da shi a daji a 2014, ranar da muka gudo daga Mubi saboda harin 'yan bindiga. Ina ɗaliba a lokacin, shi kuma malamin sakandare. Takalmina ya tsinke, na zauna ina kuka, mutane suna wuce ni. Shi ne ya tsaya, ya miƙo min hannu, ko sunana bai sani ba. Kwana uku yana riƙe da hannun nan har muka samu motar Yola. Bayan shekara biyu aka ɗaura mana aure a cocin iyayensa a Numan.

Ciwon suga ne ya fara kama shi, tafin ƙafarsa ya riƙa yi masa yam-yam. Bara kuma zuciyarsa ta rikice da bugu, aka ɗora shi a kan magani. Zuciyar ta daidaita, mijina kuma ya fara nisa da ni.

'Yarmu Virtue tana Numan wajen kakarta. Ni kaɗai nake cin abinci, ni kaɗai nake tafiya coci. In mata sun tambaye ni shi, sai in ce jarabawa yake dubawa.

A ranar Asabar ɗin na haɗa kaya na tafi unguwar Demsawo, gidan yayata, Adda Hilda.

"Wata ce ya samu," in ji Adda, tana zuba min kunu. "Namiji ba ya gudun matarsa haka kawai. Zauna abinki, mun ishe ki."

"Adda, ba ya shan magani fa..."

"Shi yaro ne? Ki bar shi ya neme ki."

Kwana huɗu na yi a can. Gidan cike da yara da hayaniya, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. Wayata tana hannuna ko wanka zan shiga. Bai kira ba.

Ranar Laraba da la'asar na kasa daurewa. Na hau keke napep, na ce wa Adda kaya zan ɗebo.

Ina buɗe ƙofa na ga jini. Sawun ƙafa ne ja, daga kicin zuwa falo, daga falo zuwa bayi, ya sake dawowa.

"Othniel!"

Yana zaune a kujera, yana haki, hannunsa a ƙirji.

"Kin dawo?" ya ce a hankali.

"Ƙafarka! Dubi ƙafarka!"

Ya sunkuya ya duba. Fasasshen kofi ne ya shige masa diddige, yana ta yawo da shi. Na durƙusa na zare gilashin, ina jiran ya yi ƙara. Ko gezau bai yi ba.

"Ba ka ji ba?"

Ya girgiza kai. Sai hawaye.

"Ba na jin komai, Liyatu. A da ƙafa ce kawai, kaɗan-kaɗan. Tun da na fara maganin nan ya hau har gwiwa, ya shiga yatsun hannuna. Alli ma faɗuwa yake yi a aji, yara suna dariya."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ranar bikin zagayowar ranar haihuwarki na riƙe hannunki a coci..." Ya dubi tafin hannunsa. "Ina ganin hannun, amma kamar itace na riƙe. Hannunki fa, masoyiyata! Na ji tsoro. Na ce in kin gane, za ki ga na zama rabin mutum. Na daina shan maganin ko zan sake jin ki, ko da sau ɗaya ne."

"Ya dawo?"

"Bai dawo ba. Zuciyar ce ta koma gudu."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kuka kamar raina zai fita. Wata biyar ina zargin kaina, kwana huɗu ina zarginsa, ashe shi ma shi kaɗai yake a cikin gidan nan.

"Tashi," na ce. "Asibiti za mu je yanzu."

Kwana shida ya yi a gado kafin bugun ya lafa. Dokta Muhsin, likitan da ke duba shi, ya ja kujera ya zauna a gabanmu.

"Dokta, don Allah ka faɗa min gaskiya," na ce. "Maganin zuciya yana iya ƙara wannan mutuwar ƙafar?"

"Wasu suna iyawa, madam, a jikin wasu mutane. Wanda yake sha na daidaita bugun zuciya yana cikinsu. Amma suga kaɗai ma yana yin haka, shi ya sa za mu yi gwaje-gwaje." Ya juya ga Othniel. "Malam, da ka zo ka faɗa min tun farko, da mun duba mun canja. Dainawa da kanka kuwa, saura kaɗan ta kai ka kabari."

"Jin zai dawo?" Othniel ya tambaya.

"Ba zan yi maka alkawari ba. Jijiya ba ta sauri. Wani yakan samu sauƙi bayan watanni, wani kaɗan kawai yake samu."

Aka canja masa magani. Adda Hilda ta zo gaisuwa da kwanon farfesu, ta tsaya a bakin gado ta ce masa, "Ka yafe min, na yi maka mummunan zato."

Muka koma gida. Na mayar da filonsa ɗaki da kaina. Dokta ya ce a riƙa duba ƙafafun kullum saboda rauni, don haka kowace yamma sai in shimfiɗa tabarma a baranda, in wanke su, in leƙa tsakanin yatsu. Wata ɗaya, babu canji. Wata uku, babu. Wani lokaci yakan kau da kai don kada in ga fuskarsa, ni ma sai in yi kamar sabulu ne ya shiga min ido.

A wata na bakwai, ina yanke masa farce, hankalina ya tafi wajen miyar da na bari a wuta. Reza ta zame ta taɓa naman babban yatsansa.

"Wash! Liyatu, a hankali mana!"

Na daskare. Shi ma ya daskare.

"Me ka ce?"

"Na ce... da zafi." Ya zuba wa yatsan ido, ɗan jini yana tsattsafowa. "Liyatu, da zafi!"

Na saki rezar, na matsa wajen da ɗan yatsana.

"Nan?"

"Kai! Nan ɗin! Ki sake..."

Na sake matsawa. Yana dariya yana kuka, ni ma haka, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau, Mama," in ji Othniel, yana share fuska. "Matata ce ta yanke ni."